Tafinta a Ɗakin Malam Jibirilla

"Hala Balaraba, me ya ce?" Marwa, da ke kirana Hala, wato inna, ta tambaye ni da Larabci, tana durƙushe gaban katifar babanta.

"Cewa ya yi ki tashi ki tafi aiki, kada mutanen Chinanki su yi fushi."

Abin dariya, abin tausayi. Yarinyar da aikinta ke nan ta tsaya tsakanin Larabawa masu man fetur da 'yan China masu sayensa, ga ta tana neman tafinta a ɗakin ubanta. Tafintar ma ni, mai tuwon sayarwa, da Larabcina bai wuce na cinikin kasuwar Batha ba.

Malam Jibirilla maƙwabcinmu ne a unguwar Jaradiya ta Riyad, mutumin Damagaram, tsohon direba. Shi da bakinsa ya hana matarsa, marigayiya Balkissa, yi wa Marwa Hausa tun tana goyo, wai Hausa ba ta buɗe ƙofa a Riyad. Da kamfanonin China suka fara cika gari, shi ya matsa mata ta je can ta koyo yarensu. Na sha ce masa, "Malam, ranar da za ka so hira da ita fa?" Sai ya yi dariya ya ce Larabcinsa ya ishe su.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki. Ko da aka sallamo shi daga asibiti, Larabcin shekara da shekaru ya tafi kaf, Hausa kaɗai ta rage masa. Tsoron Marwa ɗaya ne: kada ya yi maganarsa ta ƙarshe, ita ba ta gane ba.

A makon nan jajayen tutocin China sun cika manyan tituna, wata tawaga ta zo sa hannu kan aikin matatar mai. Wayar Marwa ta yi ta ruri, ta kife ta a ƙasa. Ba ta je ba.

Ran nan bayan la'asar na leƙa gida don kada tukunyata ta ƙone. Ina dawowa na tarar ta rufe masa ido. Wallahi na ji haushin tukunyar nan har cikin raina.

Bayan an kai shi, mata na zaman makoki, ta jawo ni cikin kicin.

"Ya yi magana bayan kin fita, Hala. Ban san me ya ce ba, amma na riƙe. A China sai da suka horar da kunnenmu, duk hawa da saukar murya ba ya wuce ni."

Ta lumshe ido. Sai na ji Hausar Damagaram tsantsa ta fito daga bakin da bai taɓa yin ta ba, har da jan numfashinsa:

"Balkissa, rufa ma ɗiyar nan ƙafa, sanyi take ji."

Da ƙyar na harhaɗa Larabcina na faɗa mata.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, 'yata."

Ta zame a hankali ta zauna kan tayil, ta jingina da firiji. Can ta jawo bakin abayarta ta lulluɓe yatsun ƙafarta.