Wanda Ya Riga Ya Yi Bankwana

Kunun tsamiya na kan murhu, ƙosai na iyo cikin mai, rana ta yi ja ta bayan darbejiyar maƙwabta, sai wayar Kamila ta yi ƙara. Ta duba, ta yi ɗan murmushin nan da take ɓoyewa in surukarta na kusa, ta miƙa wa Inna Tani.

"Shi ne, Inna."

Tani ta goge hannu a gefen zani ta karɓa. Salman ɗan farinta ne, saboda haka sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da ya fara koyar da Turanci a firamaren ƙauyen Boko sai ta samu sauƙi, ta koma ce masa Malam kamar yadda kowa ke yi.

"Malam, ya ibada?"

"Alhamdu lillahi, Inna. Ya gida? Ya Fauziyya?"

"Ga ɗiyarka nan tana cin ƙasa. Haƙori ya leƙo, duk wanda ya ɗauke ta sai ya ji a kafaɗarsa."

Ya yi dariya. Cikin dariyar ne Tani ta ji wata murya can bayansa, doguwa, tana tashi ta lasifika. Kiran sallah ne. Wani kuma kusa da shi ya ce, da Hausa tsantsa, "A miƙo dabinon nan mana." Salman, da baki ya riga tunani, ya ce, "Inna, bari in sha ruwa, an kira."

Sai a lokacin ya ankara da abin da ya faɗa.

Ba a jima ba ladanin garinsu Kusada ya gyara murya ya fara nasa. Tani tana riƙe da wayar a kunne har kiran ya katse, ƙosan kuwa ya ƙone ƙurmus.

* * *

To, abin da ya sa Tani ta kasa haɗiyar kunu a ranar, shi da bakinsa ya taɓa yi mata bayani. Ƙasar da aka kai shi koyarwa tana can gabas, an wuce Makka da nisa, rana tana riga fito musu. "Lokacin da kuke shan ruwa, Inna, mu barci ya yi nisa." Kuma ya ce garin ko masallaci babu, a waya yake duba lokacin sallah.

Allah sarki, Salman. Shekara da shekaru yana bin hanyar Boko da kekensa, yana koyarwa a matsayin malamin sa-kai, ana ce masa takardar ɗaukar aiki tana hanya. Yaran da ya koya wa baƙaƙe har sun yi gemu, takarda ba ta iso ba. Da ya ji labarin wani kamfani a Kano da ke tura malaman Turanci makarantun ƙasashen waje, ai bai yi barci ba. Aka sayar da gonar da ubansa ya bari ta bakin hanyar Kafin Soli, aka yi fasfo, aka yi biza.

Sannan aka yi bankwana, irin bankwanan da ba a yi wa mai zuwa Kaduna. Gida gida ya shiga, ya durƙusa gaban kowane tsoho, ya nemi gafara, aka yafe masa, aka shafa masa kai. Liman ya yi masa addu'a bayan sallar Juma'a, cikin lasifika. 'Yan ajinsa suka jeru bakin titi suna ɗaga hannu. Ƙanin ubansa, Baffa Dikko, tun daga ranar bai sake zama a majalisa ba tare da ya kawo zancen ba: "Ɗanmu fa yanzu jajayen mutane yake koya wa Turanci. Daga Kusada!"

Kamila na da tsohon ciki lokacin. Fauziyya ba ta taɓa ganin ubanta ba sai a waya.

Washegarin wayar nan da hantsi Ma'u, maƙwabciyarsu, ta shigo da fara'a. Tare suka yi amarci a unguwar, tare suka yi takaba.

"Uwar Bature, an tashi lafiya?"

"Ke dai ba ki rabo da tsokana. Zauna."

"Ba zama na zo ba, albishir na kawo. Ɗana Hussaini ya je Kano wurin kamfanin nan da ya tura Malam. Hoton Malam ma ya gani manne a bangon ofis, ƙato, yana dariya. Sun ce bayan Sallah ya kawo bidiyonsa yana koyarwa. Shanun huɗa dai za mu rabu da su, amma mi ne ne shanu in yaro zai zama mutum?"

Tani ta ce Allah ya sanya alheri. Bakinta ya yi mata ɗaci kamar ta tauna maɗaci.

Da Ma'u ta fita, ta kira Kamila ɗaki.

"Latsa mini shi."

Kamila ta tsaya tana murza bakin mayafi. "Inna... rannan ina magana da shi na ji mai tallan rake a bayansa. Ban san yadda zan gaya maki ba."

"Ni ma ban san yadda zan gaya maki ba. Latsa."

Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka Tani ba ta bari ya yi gaisuwa ba, don ranta ya ba ta ba zai wuce Kano ba, inda kamfanin yake.

"Gobe in an yi azahar ina tashar motocin Katsina a Kano. In ka ga dama ka zo. In ba ka zo ba, nan zan sha ruwa, nan zan kwana."

* * *

Ta ce wa Baffa Dikko za ta je a duba mata ido. Ɗan acaɓa ya kai ta Kankia, ta shiga mota da azumi a bakinta, ita da ba ta taɓa wuce Bichi ba.

A tashar, sai da ya tsaya gabanta ya ce "Inna" sannan ta gane shi. Ya rame, wuya ya yi tsawo, tafin hannunsa ya yi kanta. Dako yake yi a kasuwar kayan masarufi, yana kwana a barandar wani shago. Suka raɓe a inuwar rumfar mai faci. Bai iya kallon fuskarta ba, ƙasa yake wa magana.

"Na je fa, Inna. Wallahi na je."

"Na san ka je. Mi ya dawo da kai?"

"Wanda ya zo tarbata a filin jirgi ya duba hoton da ke wayarsa, ya dube ni, ya sake duba hoton. Ashe mutanen kamfanin sun wanke hotona da bidiyon, sun haska ni, na zama kamar Balarabe. Da muka je makarantar, shugabar ta ce Turancina ba laifi. Amma iyayen yara farar fuska suke biyan kuɗi su gani."

"To ba Turancin suka ce suna so ba?"

"Haka na zata. Akwai wani Bature a wurin, Turancin ba ma yarensa ba ne, in ya yi magana sai in ji kunya ta kama ni a madadinsa. Ni nake shirya masa darasi. Shi ya tsaya gaban allo, ni a bayan aji ina ɗaure wa yara takalma. In iyaye za su zo ɗaukar yara sai a ce in shiga ɗakin ajiye kaya in ja ƙofa."

Tani ta kalli hannuwansa.

"Yaran dai ba ruwansu. Akwai wata 'yar ƙarama da ke lasar yatsa ta goga a hannuna ta ga ko zai fita. Daga baya ta saba, ba ta yarda kowa ya riƙe mata jaka sai ni." Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya gudu. "Ana nan hukuma ta zo bincike. Ashe bizar da aka yi mini ta yawon buɗe ido ce, ba ta aiki ba. Makaranta ta ce ba ta san ni ba. Na kira wakilin kamfanin, ya ce in yi haƙuri, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Aka tsare ni, aka sako ni jirgi. Da na je ofishinsu a nan, mai gadi ya hana ni wuce ƙofa. Ina hango hotona a bango."

"Shi ne ka kasa ƙarasowa gida? Kano da Kusada?"

"Inna, na durƙusa gaban kowa na ce sai wata rana. Liman ya faɗi sunana a lasifika. Gonar Baba ta tafi. Da wace fuska zan sauka a tasha?"

"Da wannan da Allah ya ba ka. Su ne ba su so ta, mu ai da ita muka san ka." Ta gyara zaman mayafinta. "Ma'u za ta sai da shanunta. Hotonka Hussaini ya gani ya yarda. Kana nan kana ɓoyon kunya, su kuma suna can suna kama 'ya'yan mutane da kai."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ta bar shi ya yi kuka mai isarsa, tana kallon motoci, don ba ta taɓa rarrashinsa a gaban mutane ba, ba kuma yau za ta fara ba. Can ya ce, "To mu bari sai duhu ya yi."

"Ba sata ka yi ba. Da rana ka fita, da rana za ka shiga."

* * *

Rana ba ta faɗi ba suka sauka a Kusada. Kafin su kai ƙofar gida labari ya riga su, yara na gudu suna cewa Malam ya dawo daga Turai. Fauziyya ta dube shi ta tsala ihu, ta maƙale a wuyan uwarta. Kamila dariya take, hawaye na zuba.

Baffa Dikko ya ja shi gefe a zaure. "Ka ce hutu ka zo. Bayan Sallah ka ce kwantiragi ya ƙare. Wa zai bincika? Kada ka zubar mana da mutunci a gari."

Salman ya dubi ƙofar cikin gida, inda ya san uwarsa na tsaye bayan asabari. Washegari bayan la'asar ya je majalisa, ya zauna, ya faɗi komai, har ɗakin ajiye kayan bai ɓoye ba.

Tani ta zata shi ke nan, magana ta ƙare. Ba ta san mutane ba ke nan, duk da furfurarta. Wasu suka tausaya, suka ce Allah ya mayar da alheri. Wasu suka ce ai dole wani abu ya aikata can aka koro shi. Wani ya ce ɗan wane na Kankia ta hannun kamfanin ya tafi, ga shi har ya aiko da babur. Matan unguwa kuwa a bakin rijiyar burtsatse suka yanke hukunci: baƙin ciki ne, shi bai samu ba, ba ya so wani ya samu.

Ma'u ta daina shigowa. Ranar Sallah ma yarinya ta aiko da tuwo. A Boko an riga an ba wani ajin Salman, ɗan wani mai faɗa a ji, wanda ba a cika ganinsa ba sai ƙarshen wata.

* * *

Sati guda bayan Sallah, da safe, Hussaini ya yi sallama. Ya sa farar riga mai dogon hannu, ya ɗaura laktayen aro a wuya, yana riƙe da waya da ɗan guntun allo. Ya durƙusa ya gaida Tani, sannan ya juya wajen Salman da ke gyaran tayar keke.

"Malam, bidiyon nan nake so ka taimaka mini. Kai ka san yadda suke so."

Salman ya ajiye tayar. "Ba ka ji abin da na faɗa a majalisa ba?"

"Ina wurin. Ni ban ce ƙarya ka yi ba, Malam. Kai ka koya mini karatu, na san ba ka ƙarya."

"To?"

"To mi zan zauna in yi? Tun da na gama kwaleji nake kai takardu sakatariyar ƙaramar hukuma, har masinjan ya san sunan kakata. An riga an sai da shanun. Wata ƙila ni a kai ni inda ba su damu da fata ba. In ma ɗakin ajiye kayan ne, Malam, ai ana biya."

Tani na bakin murhu tana jira ta ji amsar da ɗanta zai bayar, shi mai baki biyu, Hausa da Turanci. Ya dubi yaron. Sannan ya share hannu ya karɓi wayar.

"Kafin ka ba su ko sisi, ka kawo mini bizar in gani. Kada ka bar fasfonka hannun kowa. Ka ji?"

"Na ji, Malam."

"Tsaya can." Ya ɗaga wayar, ya sauke. "Bangon nan ba zai yi ba. In suka ga ginin ƙasa ba su ƙarasa kallo."

Babu ƙusa a bangon, babu igiya a wajen. Tani ta tashi ba tare da an ce mata ba, ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati, ta ɗauko farin zanen gado da take ajiye wa baƙi. Ta hau turmin da aka kife, ta kama bakin zanen hannu biyu, ta ɗaga shi sama da kanta har ya rufe ta gaba ɗaya, ita da tsagar bangon.

Daga bayan zanen ba ta ganin komai sai fari. Tana jin Hussaini yana jero Turanci, muryarsa na rawa, yana gaida yaran da babu su. Tana jin Salman yana cewa, "A'a, sake. A hankali. Ka matso wajen rana. Ka ƙara murmushi."

Kafaɗunta suka fara zafi. Iska ta taso tana kaɗa zanen, ta ƙara damƙe shi.

"Inna, yatsunki na fitowa," in ji Salman a hankali.

Ta janye su baya.