Wuƙar da Ta Yanka Dabinon

Noelene na zazzage aljihunan wandon mijinta kafin ta jefa shi a injin wanki sai wuƙarsa ta faɗo ƙasa ta rabu biyu. Ƙarfen ya yi gefe, mariƙin ya yi gefe, 'yar wayar da aka ɗaure su da ita ta warware. Ɗan notin da ke haɗa su, wanda ƙarfen ke juyawa a kansa in za a buɗe ko a naɗe, babu shi, sai rami.

Ta durƙusa ta duba, nan take ta yi da-na-sanin dubawar. A tsagar mariƙin wani baƙin abu mai danƙo ya taru shekara da shekaru: maiƙon gashin tumaki, busasshen jini, ƙasa, da abin da ba ta son ba shi suna. Ta san tarihin wuƙar nan. Da ita Desmond ke yanke wa 'yan raguna wutsiya ya fiɗiye su. Da ita yake aske tunkiyar da ƙuda ya yi wa tsutsa, da ita yake fere ruɓaɓɓen kofato. In ya gama ya goga ta a cinyar wando, shi a wurinsa an wanke ke nan. Ta taɓa kama shi yana sakace da tsininta, ranar ko abincin dare ba ta iya ci ba.

"Desmond!"

Ya leƙo daga baranda riƙe da kofin shayi. Har ya sa farar rigarsa, don yau ce ranar baje kolin amfanin gona na garin Tarlinga, kuma tun jiya ya kai ragunansa filin gasa.

"Af, kin raba min ita. Miƙo min wayar."

"Ina notin?"

"Ai ya daɗe da gudu. Kullum in ɗaure, ya kwance, in ɗaure, ya kwance. Har jan farcenki na shafa masa, ya ɗan riƙe kwana biyu."

"Jan farcena?"

"Ɗan kaɗan ne, Nol. Da ɗan burushin na shafa, na mayar miki cikin kwalbar. Ban yi ɓarna ba."

Ta dubi yatsunta. Jiya ta zauna ta shafa musu shi saboda taron yau. Ta ware yatsun kamar ba nata ba.

"Yaushe ya ɓata?"

Ya sosa ƙeya. "Lokacin yankan wutsiya ne. Yawwa, ranar da na yanka miki dabinon nan. Da safe yana nan, don na ɗaure shi da farcena a garke. Da na gama miki aikinki na zo naɗe ta, sai na ji tana rawa."

Noelene ta miƙe a hankali, ta dafa injin wankin. Ta tuna ranar. Wuyan hannunta ne ya kumbura, ga kek ɗin gasa dole a toya shi da wuri ya yi makonni yana kwanciya kafin ya yi daɗi. Ta sa shi ya wanke hannu da sabulu a gabanta, ta ba shi katakon yanka da wuƙar kicin, ta fita shanya. Da ta dawo har ya juye dabinon cikin kwanon zabibi da ɓawon lemo, tana ta yi masa godiya.

"Ba wuƙar kicin na ba ka ba?"

"Wuƙarki ko man shanu ba ta yankawa. Kuma na goge tawa."

"A ina?"

Ya kalli wandon da ke hannunta.

Kek ɗin nan tun jiya yana zauren gasa. Al'adar Tarlinga kuwa, in alƙaliya ta raba kowane kek biyu ta ɗanɗana, da la'asar sai a yayyanka su duka a raba da shayi. Kek ɗin da ya zo na ɗaya kuma, tsofaffin da ake kawowa daga gidan kula da tsofaffi ake fara miƙa wa shi.

Ita ta ja motar, shi yana gefe ya dafe hularsa saboda ramukan hanya. Ko da suka wuce gonakin alkama bai daina kare kansa ba.

"Wutar tanda ai ta kashe komai."

"Har ƙarfe ta kashe?"

"Wa ya ce yana ciki? Ƙila a garke ya faɗi. Ƙila kare ya haɗiye. Babana da irin wuƙar nan yake yanka mana tuffa, ga ni nan garau."

"Desmond, in ka ƙara magana zan yi amai a kan farar rigar nan."

Ya koma kallon shingen waya.

Sun makara. Da suka shiga zauren an riga an ja igiya, mata sun yi cirko-cirko a bayanta, alƙaliya kuma ta iso kan kek ɗin Noelene. Misis Hoffrichter ce, wata tsohuwa da ake ɗaukowa daga wani gari don kada a ce an yi son kai. Kusa da ita Glenys Trengove ce riƙe da faranti, ita ce mai kula da teburin bana. Glenys ɗin nan ita ke cinye gasar kek tun 'ya'yansu na firamare, Noelene kullum tana biye da ita a na biyu, tana murmushin dole a hoto.

Wuƙar alƙaliya ta ratsa tsakiyar kek ɗin sumul. Ta yanki siriri, ta shinshina, ta kai baki. Noelene ta buɗe baki za ta yi magana, sai dai lomar ta riga ta shiga. Tsohuwar ta lumshe ido tana tauna a hankali, ita kuwa tana tsaye tana jiran ƙarar haƙori. Ba abin da ta gani a bakin matar nan sai gindin wutsiyar tunkiya.

Ba a ji ƙarar komai ba. Misis Hoffrichter ta haɗiye, ta kurɓi ruwa, ta zaga sauran, sannan ta dawo ta ɗora katin na ɗaya a gaban kek ɗin. Da aka kwance igiya ta ce a nuna mata mai shi.

"Ke ce? To, 'yar nan, bari in faɗa miki abin da ya ba ki. Yankan dabinon nan ne. Kowanne daidai da ɗan'uwansa, ba wanda aka dagargaza. Matan yanzu ba su da wannan haƙurin, kuma ba sa wasa wuƙa."

Desmond ya yi gyaran murya a bayan Noelene, ya gyara zaman hula. Mutumin nan har ƙirji ya turo.

Gaskiya Noelene ta so katin nan. Ta so shi ƙwarai, har ta kai hannu ta taɓa gefensa. Wata zuciyar ta ce mata ta ja bakinta: wa ya sani, ƙila da gaske notin yana garke, ƙazantar kuwa wuta ta ci, ba wanda zai mutu. Sai ta hango ta taga motar gidan tsofaffi ta tsaya, ana sauko da su ɗaya bayan ɗaya, wasu a keke, wasu da sanda. Mutanen da ruwa ma sai an tallafe musu kai suke haɗiya.

Ta sa hannu biyu ta ɗauki kek ɗin da farantinsa.

"Ke, Noelene, ina zuwa?" in ji Glenys. "Ba a fitar da kaya kafin shayi, kin fi ni sani. In kika ɗauke kin janye ke nan, katin ya koma kan na biyu."

Na biyun kuwa Glenys ce, su duka sun sani.

"Ya koma."

"Lafiyarki kuwa? Me ya same shi?"

Tana iya cewa gashi ta gani, ko ta manta ta sa wani abin da dokar gasa ta hana. Amma haushi ya riga ya cika ta, ba ta da sauran ƙarfin ƙirƙira.

"Akwai noti a ciki. Na wuƙar Desmond. Da ita ya yanka dabinon."

"Wace wuƙa?" Glenys ma matar mai tumaki ce, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Fuskarta ta yamutse. "Ba dai ta aljihu ba?"

"Ita."

Glenys ta toshe baki da hannu, ta waiga wajen alƙaliya, wadda ke can tana tsintar ɓurɓushi daga farantin ɗanɗano da ɗan yatsa tana lasa.

"Don Allah kada matar nan ta ji," in ji Noelene.

"Haba, ƙawata, daga bakina? Ko kusa."

Noelene ta san alkawarin Glenys iyakarsa wurin ajiye motoci. Kafin a rufe taro garin nan kaf zai ji, kuma ko bayan ta mutu in aka ambaci kek a Tarlinga sai wani ya yi dariya.

A bayan rumfar tumaki suka ajiye mota, inda warin kashi da ƙuda suka fi yawa. Ta sauke ƙofar bayan motar, ta dire kek ɗin a kai.

"Zauna. Ci."

"Duka?"

"Har sai ka same shi. Da hannu, kaɗan-kaɗan. In babu shi ina son in sani, in yana nan ina son haƙorinka ya sani."

Ta ɗauka zai ji kunya. Ina! Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya gutsura ya kai baki, ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa biki. Ƙuda na sauka yana kora da hula, yana ci, ɓurɓushi na zuba a farar rigar. Wani makwabcinsu ya wuce janye da rago ya ce, "Des, kai kaɗai?" Desmond ya ɗaga masa hannu baki cike. Ita tana tsaye ta harɗe hannuwa, ta rasa abin da ya fi ba ta ƙyama, wuƙar, ko kek ɗin, ko jin daɗin mutumin.

Bai kai rabi ba aka ji ƙas. Ya tsaya cak, ya jujjuya harshe, ya zaro shi da yatsu biyu. Ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwayar alkama ba.

"Ga ɗan banza!" Fuskarsa ta washe. "Na ce ai ba zai yi nisa ba."

Ya mayar da shi baki ya tsotse tas. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙarfen da mariƙin, ashe tun a gida ya tsince su. Ya haɗa, ya zura notin, ya murɗa shi da farcen babban yatsa. Ya buɗe, ya naɗe, ya sake buɗewa. Ya goga ta a cinyar wando, ya yanko kek mai kyau daga ɗaya rabin, ya miƙo mata a kan tsinin.

"Yanzu ai babu komai a ciki. Ɗanɗana mana, Nol, na ɗaya ne fa."

Ba ta karɓa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya cinye abinsa, ya girgiza wuƙar kusa da kunne, ya ɗan ɓata fuska.

"Zai sake kwancewa. Kin zo da jan farcen nan?"

Noelene ta buɗe jaka, ta ɗauko kwalbar da bakin hankici, ta ajiye masa kusa da kek ɗin.

"Riƙe. Naka ne."

Ta shiga mota ta rufe ƙofa, ta zaro makulli, ta fara kankare farcenta ɗaya bayan ɗaya.