Kwantena Biyu, Layi Ɗaya

Maman 'Yan Biyu tana durƙushe tana zaro takardar da ta maƙale a cikin firinta, sai ta ji hayaniya ta ɓarke a wurin karɓar sakamako. Ta leƙa. Mutane sun fi talatin a kan benci, kowa riƙe da 'yar takardarsa ta gwajin jini, ma'aikaciyar da ke kan kantar kuwa sai danne-danne take yi tana cewa, "Ku yi haƙuri! Sunan kowa na sa, sai kwamfutar ta ce babu."

Yau ne wata ukun gwajinta ke cika a sashen kwamfuta na wannan ɗakin gwaje-gwaje, kuma ta san hukuncin. Tun jiya sakatariya ta tsegunta mata cewa takardar sallamarta na kan teburin Manaja, sa hannu kawai ya rage. Laifinta guda, ta yi shekara bakwai a gida tana raino, a ganinsu iliminta na kwamfuta ya yi tsatsa. Shi ya sa tun zuwanta ba a ba ta komai ba sai firinta da linzamin kwamfuta da ya ƙi motsi. Abin yana ci mata rai ƙwarai, don babu wanda ya taɓa tambayar ta me take yi da tsohuwar kwamfutarta a kan teburin kicin kullum in ta koma gida, inda take koya wa kanta sababbin dabarun aikin.

Ta goge tawada a hannunta ta nufi ɗan ɗakin da babbar na'urar ajiye bayanai take. Dogo, babban injiniyansu, yana zaune gaban baƙin allo, gumi na karyo masa duk da sanyin ɗakin. Manaja na tsaye a kansa.

"Me ka taɓa?"

"Sabuntawa ce kawai, Yallaɓai. Na sauke tsohon kwantenan sakamako, na tayar da sabo."

A cikin na'urar kowace manhaja tana zaune a nata kwantena, kamar 'yan haya kowa da ɗakinsa. Ɗaya ke nuna sakamako a wurin karɓa, ɗaya kuma, wato ma'ajiya, ke ajiye bayanan duka. Ba sa jin juna sai an ɗora su a kan layin sadarwa guda, layin da ba shi da waya, da umarni ake shimfiɗa shi.

"Ina ganin ma'ajiyar ce ta lalace," in ji Dogo. "Zan dawo da kwafin bayanan ranar Asabar."

"Yau fa Alhamis!" Manaja ya dafe kai. "Gwajin kwana biyar ya tafi ke nan? Akwai mutumin da likita ke jiran sakamakon matarsa kafin a shiga da ita tiyata. Me zan ce masa?"

Dogo ya juya ga allon. Ya fara rubuta umarnin da zai shafe komai.

"Injiniya, dakata," Maman 'Yan Biyu ta ce daga bakin ƙofa. "Ka duba su wa ke kan layin baya?"

Manaja ya juyo. "Malama, don Allah ba yanzu ba."

"Minti biyu, Yallaɓai. In ban ga komai ba, ya shafe. Ai ni dai tafiya zan yi."

Dogo ya dube ta, ya dubi allon. Da ma neman wanda zai raba masa wannan kaya yake yi, sai ya miƙe ya ba ta kujera. Kujerar ta yi mata tsawo, ƙafafunta ko ƙasa ba su taɓa ba, amma yatsunta na sauka a kan madannai duk tsoronta ya gudu.

Ta goge abin da ya fara rubutawa. Ta nemi jerin layuka, guda biyu suka fito, na gaba da na baya. Ta buɗe na baya. Ma'ajiya ce kaɗai a kai, lafiyarta ƙalau, tana zaune tana jiran mai tambaya.

"Ga ta nan da ranta," ta ce. "Sabon kwantenanka ne bai san hanyar gidanta ba. A layin gaba kawai ya tashi."

"Ba zai yiwu ba. Da fayil ɗin tsari na tayar da shi, yadda aka saba."

Ta buɗe fayil ɗin, wanda ke faɗa wa kowane kwantena layin da zai hau, babu ko ambaton layin baya a ciki. Sai ta shiga tarihin umarnin da aka taɓa bugawa, ta yi ta hawa sama har ta cim ma shekara biyu baya. Ga shi nan, ɗan layi guda. Injiniyan da ya gabaci Dogo ya haɗa tsohon kwantenan da hannu wata rana, abu ya yi aiki, ya tashi abinsa bai rubuta a ko'ina ba. Da Dogo ya sauke tsohon, haɗin ya bi shi.

"Kai, Allah ya shirye shi duk inda yake," in ji Dogo.

Ta yi bisimilla a zuci, ta rubuta umarnin: haɗa kwantenan sakamako da layin baya. Ta karanta sau biyu, ta danna. Allon bai ce uffan ba, ya dai sauko layi na gaba, wanda a wannan sana'a shi ne amsa mafi daɗi.

"Shi ke nan?" Manaja ya tambaya.

Kafin ta buɗe baki, ihun ma'aikaciyar kanta ya ratso bango. "Sun dawo! Wallahi duka sun dawo! Baba, kawo takardar matarka!"

Daɗi ya kama Maman 'Yan Biyu kamar ta tashi ta taka rawa, amma ta daure. Ta koma fayil ɗin tsari ta rubuta layin baya a inda ya kamata, don kada gobe wani ya sake faɗawa ramin. Dogo ya sunkuyo yana kallo, yana dariyar wanda ya tsallake rijiya da baya.

"Anti, ashe haka kike, kika bar mu muna aiken ki gyaran linzami?"

"Ba ku tambaya ba."

Manaja ya yi gyaran murya. "Malama, gobe ki zo da wuri. Ina son ki bi duk kwantenonin nan ɗaya bayan ɗaya."

"Na ji an ce yau ce ranata ta ƙarshe, Yallaɓai."

"Wa ya ce? Ofishin nan gulma ta yi yawa." Ya fice da sauri yana ƙwala wa sakatariya kira, ta zo da takardar ɗaukar aiki.

Da azahar tana zaune a matakala tana cin abincinta, maigidanta ya kira. Muryarsa a sanyaye, irin ta wanda ya shirya lallashi tun safe.

"Kada ki sa komai a ranki, kin ji? Allah zai kawo wani. Na ma faɗa wa Umma daga gobe ta huta, ba sai ta zo riƙon yara ba."

Ta haɗiye lomarta a hankali, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Ka sake kiran ta," ta ce. "Ka ce mata ta zo da wuri. Bakwai da rabi zan fita."