Sarƙar Madam Haoua

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, babu matar ma'aikaci a Yamai da ba ta san rumfar Bawa maƙerin azurfa ba, can gefen Babbar Kasuwa. Sauran maƙera abin da suka gada suke ta maimaitawa. Bawa kuwa duk wata sai ya fito da sabon abu: 'yan kunne masu siffar ganyen gawo, warwaro mai lanƙwasa irin ta kogi. Aka riƙa cewa Allah ya ba shi kai.

Kan kuwa na matarsa ne. Balkisa mutuniyar Tawa ce, aji uku ta yi a lakwal, makarantar boko, ta fito da son zane. Ita ke zana komai da kirayo, wato fensir, cikin kayenta, littafin rubutunta, ta nuna masa inda za a sirance da inda za a bar nauyi. Shi nasa narkawa da bugu. In an yabe shi, sai ya shafa gemu ya ce, "Ikon Allah ne."

Ana saura sati uku bikin Jamhuriya, Madam Haoua, matar wani darakta, ta zo da baƙuwarta, wata Baturiya.

"Na gaya mata mu ma muna da gwani," in ji Madam Haoua. "Zana mini sarƙar bikin a gabanta, ta gani da idonta."

Ta miƙa masa takarda. Maƙwabta suka taru. Bawa ya riƙe kirayon kamar awartaki, ya ja layi, ya goge, ya sake ja. Abin da ya fito ko igiyar akuya ta fi shi tsari. Gumi ya jiƙa masa hula.

Ana haka Balkisa ta iso da kwanon abincinsa na rana. Kallo ɗaya ta yi wa takardar.

"Maigida, ai hannun da ka ƙone jiya bai warke ba," ta ce. "Kawo, kai ka faɗa, ni in zana."

Ta durƙusa ta kama zane. Jifa-jifa takan ɗago ta ce, "Haka kake nufi?" Shi kuwa ya ce, "Haka." Sau shida ya faɗi kalmar, kowace ta fi ta baya ɗaci. Kwalekwale bakwai suka fito a jere a zanen sarƙar, ƙarami na bin babba. Baturiya ta tafa masa, ya rasa inda zai sa idonsa.

A gida Balkisa ba ta tada maganar ba. Da ma ta yi masa gori, da ya samu sauƙi.

Ranar kai sarƙa ya ce ta raka shi. A ƙofar gidan darakta, kansa a ƙasa, ya ce, "Madam, hannuna bai ƙone ba. Duk abin da kika taɓa saye a wurina, zanenta ne."

"Na sani," in ji Madam Haoua. "Hannunka na duba a ranar."

Da sati ya zagayo, Bawa ya sa wa Balkisa kujera da ɗan tebur a bakin rumfa. Maƙera suka yi ta ba'a, wai mace ta hau maƙera. Bawa ya ci gaba da aikinsa. Masu saye suka koma tambayar Balkisa da sunanta, shi yana daga ciki yana zuga wuta.