Layi na Uku a Kan Gora

Ni na fara gani. Kafin Roda da takardunta na poli, kafin injiniyan da ya zo daga Yola da jakar wayoyi, ni Ya'akubu, da ban taɓa zama a aji ba, na ce musu layukan nan biyu rana ɗaya za su mutu.

Damina ce ta farko bayan mun dawo Mubi. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Ni kwana tara na yi a duwatsu ina cin ɗanyen rogo, da furfurata, kuma da ƙafata na sauko. Ƙanena Ishiyaku kuwa, tun daga bakin mayo, wato kogi, ba wanda ya sake ganinsa. 'Yarsa Roda ce ta ajiye wata tsohuwar kwamfuta a shagonta na unguwar Kolere, ta buɗe shafi a intanet inda ake sa sunaye da hotunan waɗanda suka ɓata. Daga Yola ana dubawa, daga sansanonin gudun hijira na ƙetaren iyaka ma haka. Ta ce mini shafin a cikin kwamfutar yake zaune, in layi ya yanke, duk mai nema ƙofa rufe zai tarar.

Shi ya sa ta sayi layi biyu, kowane da kamfaninsa. Injiniya ya haɗa su da wani ƙaramin akwati mai fitilu. Wai akwatin yana taɓa layin farko kowane lokaci, in ya kira sau uku ba amsa, sai ya koma na biyu da kansa, ya sanar da duniya sabon adireshi. Ya zare waya ɗaya don mu gani. Fitila ta yi ja, ɗayar ta kama, Roda har da tafi.

Na tambaya daga ina layukan suke zuwa. Ya ce ai kamfanin ba ɗaya ba ne, Baba.

"Kamfani biyu, ƙarfe ɗaya," na ce. "Shekara shida ina gadin dogon ƙarfen nan na bayan kasuwa. Duka a jikinsa suka rataya kayansu, janareto ɗaya suke sha. Ni nake buɗe wa mai kawo mai."

Na gaya musu yadda muke yi a ƙauyenmu Bahuli. Mai gona biyu ba ya yin su a gefe ɗaya na mayo. Ɗaya nan, ɗaya ƙetare, in ruwa ya ci ta wannan gefen, ta can tana nan. Injiniya ya yi dariya, ya ce intanet ba dawa ba ce, ya hau mota ya koma Yola.

Roda ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To Bappa, ina ƙetaren?"

Na nuna mata gabas. Shekarar da aka kashe wayoyi duk jihar, mutane suna zaune suna kuka, ni na hau dutse na kamo layin Kamaru, har layi ake bi a bayana. Na aika Maiha, can bakin iyaka, aka kawo sim. Na saro gora biyu na haɗa, muka ɗaure faifan eriya a samanta, na kafa a kan rufin shago. Kwana uku ina juya ta kaɗan-kaɗan, Roda na ƙasa tana cewa hagu, dama, tsaya. Maƙwabta suka ce tsoho ya fara kamun kifi a sama. Layin ya kama, ba ƙarfi, amma ya kama. Ta sa shi na uku a akwatin.

Sai wata Susanna mai aiki a sansanin ƙetare ta aiko saƙo. Ranar Alhamis da tsakar rana za ta samu inda akwai layi, ta sa hotunan tsofaffin da ba su da takarda. Ƙarfe uku mota za ta kwashe su zuwa wani sansani mai nisa. Wanda danginsa suka shaida, shi za a sauke.

Alhamis tun safe hadari. Wajen sha ɗaya da rabi aka yi tsawa, fitilar farko ta yi ja. Akwatin ya koma ta biyu, ita ma ja. Roda ta ɗora hannu biyu a ka. Ni ina kan benci ina cin gyaɗata, amma gaskiya ɗaya zan faɗa, ɓawon nake taunawa ban sani ba.

Ta uku ta yi kore.

Hotuna suka fara shigowa, a hankali, daga sama zuwa ƙasa kamar ana sauke tabarma. Na farko ba namu ba. Na biyu mace ce. Na bakwai, hula ta fara fitowa, sai goshi, sai wani tabo a kan girar hagu. Ban jira hanci ba. Ni na yi masa tabon nan da ƙotar fartanya muna yara.

"Rubuta mata ta sauke shi," na ce.

Roda ta ce in bari fuskar ta gama.

"Rubuta, 'yata. Ubanki ne."

Bayan mako biyu ya iso a bayan mashin, ya rame, haƙoran gaba babu. Maganarsa ta farko da ya ɗaga kai, wane ne ya kafa gorar nan a karkace.

Yanzu an gyara ƙarfen, kamfanoni sun ƙaru, Roda ta ce a sauke gora. Na ce sai bayan raina. Wanda yake ganin tatsuniya nake yi, ya zo Kolere, ya zare wayoyi biyun da hannunsa, ya tsaya ya ƙirga uku. In ya gama, ga Ishiyaku nan a bakin ƙofa, ya ɗaga masa hula ya duba tabon.