Falmaran Mai Ƙarnin Kifi

Ladan mai hoto ne ya fara ganin rigar nan a duk faɗin ƙasar nan, kuma bai taɓa gajiya da faɗa ba. Tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin gwamnati ta ɗauke sunan ta bar wa mutane Suleja, ya ga wani Bature a gindin Dutsen Zuma sanye da ita: falmaran, ba hannu, aljihu kan aljihu kamar layun ɗan dambe. A ranar ya tofar da yawu, ya ce ba mai mutuncin da zai sa wannan abu ya shiga mutane. Shi da ya fara hoto da akwati mai ƙafa uku yana lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, shi da motar katako ta kife da shi a hanyar Tafa ya fito ko gilashin kyamararsa bai tsage ba, ina ruwansa da rigar yara? Bai taɓa shiga aji ba, amma daga unguwar Kwamba har bakin kasuwa ba gidan da ba aikinsa a bango.

To, duniya juyi-juyi. Tunda ma'aikatu suka tare a Abuja, duk yaron da ya rataya kyamara sai ya sa falmaran, 'yan sanda kuwa da sun gan ta sai su ce ɗan jarida ne, su buɗe hanya. A wani taron gwamnati, Ladan da kaftaninsa da jakar fata aka tura shi baya cikin 'yan kallo, aka bar Munir ya wuce, yaron da ke guntule wa mutane kai a hoto. Alhaji Bamalli ɗan kwangila, wanda tun aurensa na fari Ladan ke yi masa hoto, ya kira shi ya ce, "Baba Ladan, ran Alhamis kwamishina zai buɗe rijiyar burtsatsen da na haƙa a Gawu Babangida. Hannuna cikin nasa nake so in gani a falona. In an sake tare ka, ka yi haƙuri, Munir zan riƙe."

Haka Ladan ya je layin gwanjo yana toshe hanci, ya tsaya gaban rumfar Romanus.

"Baba na kaina! Yau za ka zama ɗan gaye?" in ji Romanus, yana zazzage dila. "Wannan fes giredi ne, lamba ɗaya, daga Landan."

"Kayan matattun Landan dai. Miƙo."

Ladan ba ya sayen riga da ido. Ya sa ta farko, baƙa mai kauri, ya cika aljihunanta da fim da batura da fitilar kyamara, ya fuskanci gabas, ya sunkuya ruku'u. Batura suka watse ƙasa, ɗaya ya gangara cikin kwata.

"Baba, salla kake yi a shagona?"

"Kai ba za ka gane ba. Mai hoto yini yake a waje. Azahar ta same ni, in tuɓe kayana in bai wa wa? Rigar da ba ta iya ruku'u ba, ba riga ba ce."

Ta biyu bayanta raga ne zalla. Ladan ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar mushen ɓera. "Ni kaza ce da za a sa ni a akurki? In tsaya gaban kwamishina haƙarƙarina a waje?" Ya jefar.

Ta uku ruwan ƙasa ce, kowane aljihu da zif ɗinsa, ga wani guntun gashin tunkiya a liƙe a ƙirji. Romanus ya ce na goge gilashi ne. Ladan ya ce ya sani, ai ta Baturen Zuma ma tana da shi. Ya yi ruku'u, ya yi sujada a kan buhu, ya tsuguna irin tsugunon ɗaukar yara, ko allura ba ta faɗi ba. Wari kam akwai, amma wane gwanjo ne ba ya wari? Ya biya, ya tafi.

Sai a gida, da ya zura hannu can cikin aljihun ciki, wani abu ya cafke masa manuniya, ita ce kuma yatsar da yake danna kyamara da ita. Ya zaro hannu da ƙugiyar kamun kifi maƙale a nama. Matarsa Tayyiba ta juye aljihun, sai ga busassun tana sun zubo, da ɓawon kifi, da wani dunƙulen abu da ya narke ya bushe ya sake narkewa, wanda ba mai iya sa masa suna.

"Malam, rigar masunta ka sayo!" Ta ja mayafi ta rufe hanci. "Wallahi ba ta kwana mini a ɗaki."

Wanzami ya zo ya yanko ƙugiyar, yatsa ta kumbura ta yi kamar rogo. Tayyiba ta wanke falmaran da sabulun salo, ta jiƙa ta da toka, ta matse mata lemon tsami, ta turara ta da turaren wuta. Ƙarnin bai fita ba, sai ma ya haɗu da turaren ya zama wani abu dabam. Kyanwar maƙwabta ta yini a gindin igiyar shanya.

Ran Alhamis, a motar Gawu, fasinjoji suka bar masa benci guda. Wata mata ta tambayi direba ko akwai mai kai kifi kasuwa. Ladan ya juya fuska wajen taga. Rana ta buga rigar, gumi ya jiƙa ta daga ciki, ƙudaje suka yi masa rakiya daga tasha har filin taro. Shi kansa ta baki yake numfashi.

A bakin igiyar da aka kewaye filin da ita, ɗan sanda ya ɗaga kulki. "Wane gidan jarida?"

Ladan ya matsa kusa don ya yi bayani. Ɗan sandan ya ja baya, ya kawar da fuska. "Wuce, Baba! Wuce, don Allah!"

Masu hoto sun yi cincirindo gaban famfo, kafaɗa da kafaɗa, Munir a tsakiya. Da Ladan ya kutsa, sai suka dare kamar an watsa musu ruwan zafi. Ya samu fili shi kaɗai. Ya tsuguna, ya ɗora yatsar tsakiya a kan maɓalli tunda manuniya tana naɗe da tsumma, daidai lokacin da Alhaji Bamalli ya kama hannun kwamishina da hannu biyu. Ƙyas!

Hoton ya fita tas, ga ruwa na zuba, ga hannu cikin hannu. Aibinsa ɗaya: kwamishina ya yamutse hanci kamar wanda aka ba maɗaci. Alhaji Bamalli ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai manya haka suke, ba sa dariya a hoto, ya sa aka yi masa firam.

Ladan bai ƙara sa rigar nan ba sai ranar da akwai igiya da 'yan sanda, kuma in ya dawo sai ya yi wanka kafin ya ci tuwo. Tana nan rataye a ƙusa, a waje, bayan shagonsa na Kwamba. Wanda duk ya ce ƙarya yake yi, Ladan ba ya musu da shi. Ya zo ya buɗe aljihun ciki na hagu, ya sa hanci, ya ja numfashi ɗaya. In ya iya ja na biyu, Ladan zai ɗauke shi hoto kyauta, har da firam.