Wata Biyar Tana Dafa Wa Tulu

Likita bai ce in daina cin abinci ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya duba awon jinina, ya dubi tumbina, ya sake duba takardar kamar yana jiran ta canza ra'ayi. Sannan ya juya ga matata, domin ya gane wanda ake yi wa magana a gidanmu.

"Kada ki sa shi yunwa," in ji shi. "Yunwa ba ta ramar da mutum, sai dai ta koya masa sata. Ya ci ya ƙoshi. Abin da ke cikin kwanon kawai za ki canza. Ganye da yawa, wake, kifi, mai kaɗan. Lemon kwalba kuma a yi sallama da shi. Ya riƙa taka ƙasa."

Matata ta rubuta duka a bayan takardar magani. Shekara ashirin da biyu muna tare, kuma abu ɗaya take tinƙaho da shi a gaban 'yan uwanta: mijinta ba shi da mota ta kirki, ba shi da gashin kai, amma bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ni ma na yarda da wannan shaida. Har lokacin ba a taɓa gwada ni ba.

Ta sayo kula shuɗiya mai hawa uku. Kullum tana riga kowa tashi, in ina kwance ina jin ƙarar wuƙa a kan katako. Kafin in gama ɗaura agogo, kular tana kan tebur, an naɗe cokali a cikin tsumma mai tsabta.

Ina aiki a ofishin ajiye takardun filaye, hawa na huɗu. Lif ɗinmu ya lalace tun ina da gashi. Sau ɗaya nake hawa benen a rana, ina tsayawa a kowane hawa ina karanta sanarwar da ke bango, wadda na haddace tun bara. Ni ne babban akawu. A bakin taga kuma akwai mai buga hatimi, wanda kowa ke kira Tulu, har shi kansa in ya ɗaga waya. Mutum ne mai fara'a da faɗi. In ya zauna, kujera takan yi ƙara kamar tana neman inda za ta kai ƙara.

A tsallaken titi akwai shagon da ake soya kaza da dankali. Ƙarfe ɗaya na rana ƙanshin yake hawo benen, shi ba ya tsayawa karanta sanarwa.

Ranar farko na buɗe kular. Hawa na sama ganye, na tsakiya wake da 'yar shinkafa, na ƙasa kifi gasasshe. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka aiko wa sammaci. Sai na ji numfashin Tulu a bayana.

"Oga, yau lambu aka kawo maka?"

Ban shirya abin da na faɗa ba. Bakina ne ya riga ni.

"Naka ne. Madam ce ta ce in kawo maka."

"Ni? Ina ta san ni?"

"Ina ba ta labarinka."

"Allah sarki," in ji Tulu, har idonsa ya kawo ruwa. Ya rungumi kular.

"Tunda za ka sauka wanke hannu," na ce, "ka tsallaka ka karɓo min rabin kaza da dankali. Da lemo mai sanyi."

Famfon hawanmu ma ba ya aiki. Haka aka kafa tsarin: Tulu ya sauka hawa huɗu, ya tsallaka titi, ya hawo da kazata, ya cinye kular tas, ya sake sauka ya wanke ta, ya sake hawowa. Ni kuma in koma gida da kula mai sheƙi, in ajiye ta a gaban matata kamar ɗan makaranta da ya ciwo jarrabawa.

Matsalar ita ce matata mai tambaya ce.

"Yaya abincin yau, Baban yara?"

"Da daɗi."

"Me ya fi maka daɗi?"

"Duka."

"Har kabewar?"

Ban san akwai kabewa a ciki ba. Tun ina yaro ba na cin kabewa, ta sani, uwata ma ta gaya mata tun satin farko na aurenmu. Amma kular ta dawo wayam, ba ni da mafita.

"Har ita," na ce.

Daga ranar na fara karɓar rahoto. Bayan Tulu ya suɗe cokali sai in ce, "Madam tana son jin ra'ayinka." Shi kuwa ya gyara zama kamar an naɗa shi shugaban kwamiti. Gishiri ya yi kaɗan. Kifin ranar Talata ya fi na Litinin. A ƙara barkono. Kabewar nan kuwa, Oga, don Allah a ninka. Ina rubutawa a bayan tsohon fom, ina bita a cikin bas, ina isar da saƙo da muryata. A iya sanina, cikin shekara goma sha tara na aiki, wannan ne fayil ɗaya tilo da ban taɓa bari ya kwana a teburina ba.

Ranar da na ce a ninka kabewa, matata ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ka ga ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe dama hannun mai dafawa ne."

Ta yi kwana biyu tana murmushi ita kaɗai.

A wata na biyu Tulu ya ari abin huda takarda na ofis ya ƙara wa bel ɗinsa rami. A wata na uku ya ƙara biyu. Ya fara hawo benen yana waƙa. Ya ce tunda ƙafafun sun saba, ya daina hawa bas ɗin farko, yana takowa har babbar mahaɗa. Mai buga takardu ta ce a canza masa suna, Tulu ya koma kwalba.

"Wane magani kake sha?" ta tambaye shi. "Ka faɗa mana, kada ka yi rowa."

"Magani? Ni da nake ci kamar gara? Ban bar komai ba wallahi. In na gama da kular nan ne dai ba na jin marmarin komai har dare."

Ni kuma na ƙara kilo biyu. Ma'aunin yana banɗakinmu, matata ce take karanta lambar, domin ni daga sama ba na hango ta.

Tana da yaya, ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda suke shigowa gida su fara duba farcen mai gidan kafin su gaishe shi. Duk muna ce mata Yaya. Wata Asabar ta zo, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta wuce kicin kai tsaye. Ina falo ina jin su.

"Wata huɗu, mutum sai kumbura yake? Ke dai faɗi gaskiya, mai kike zuba masa."

"Wallahi Yaya cokali ɗaya ne."

"Wane irin cokali? Na haƙa rijiya? Tun kina yarinya hannunki nauyi gare shi. Kin san abin da hawan jini yake yi wa mutum? Ina ganinsu kullum, a kan gado, baki a karkace. In ya faɗi, ke za a tambaya."

Da Yaya ta tafi na leƙa kicin. Tana tsaye ta juya baya, tana goge murhun da yake a goge.

"Albasa ce," ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Babu albasa a kan katakon. Na koma falo na ɗauki jarida na rufe fuskata da ita. Na yi niyyar faɗa mata a ranar, Allah ya sani. Na kuma yi niyya washegari. Niyya ba ta da nauyi, shi ya sa mai ƙiba yake iya ɗaukar da yawa. Matata kuwa ta rage cokalin man ya koma rabi, ta fara tashi da wuri fiye da da. Tulu ya ce abincin ya ƙara daɗi.

A ƙarshen wata na biyar aka ba ni hutun shekara, kwana talatin. Na yi lissafin komai: wanda zai riƙe makullin ɗakin fayil, wanda zai sa hannu a madadina. Ban yi lissafin cikin Tulu ba.

Asabar da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya tana nan, ta zo da abin awon jini. Na buɗe, sai ga Tulu cikin sabuwar riga daidai jikinsa, matarsa a gefe, shi kuma ya rungumo kabewa ƙatuwa kamar jariri.

"Oga, ka yi haƙuri ba mu sanar ba. Madam muka zo gaisarwa."

Akwai abubuwa da yawa da mai ilimi zai iya yi a irin wannan lokaci. Ni matsawa na yi suka shiga.

Tulu ya durƙusa har ƙasa, abin da wata biyar baya sai an kira mutum biyu su ɗaga shi.

"Madam, ni ne Tulu."

"Sannu da zuwa," in ji matata, tana dubana.

"Kilo goma sha ɗaya, Madam. Likita ya rage min ƙwayoyi. Ya ce me nake yi, na ce ba ni ba ne, wata baiwar Allah ce da ban taɓa gani ba."

Matarsa ta karɓe. "Anti, ni ban san da wane baki zan gode miki ba. Mutumin nan da in ya kwanta maƙwabta suna bugo mana bango saboda minshari. Yanzu shi yake share tsakar gida. To da ya ce Oga zai yi hutu, kular za ta tsaya, na ce tashi mu je in koya da hannuna. Wata biyar kina ciyar da mijina, ai sai kunya ta kama ni."

"Wace kula?" in ji Yaya.

"Shuɗiyar mana," in ji Tulu. "Mai hawa uku."

Na ga fuskar matata tana haɗa lissafi, ranar bayan rana, kamar mai jera fayil. Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da ya fi sauƙi.

"Shi kuma me yake ci?" Yaya ta tambaya, da muryar da take kiran mara lafiya na gaba.

"Oga? Ai shi kaza..." Tulu ya tsaya. Ya dubi matata, ya dubi Yaya, ya dube ni. Ya sunkuyar da kai kan kabewarsa. Ban taɓa ganin mutum ya ji kunyar laifin wani haka ba.

Yaya ta buɗe baki. Matata ta ɗaga hannu, kuma karo na farko a tarihin gidansu Yaya ta rufe shi.

"Kai ne mai son barkono?" matata ta tambayi Tulu.

"Ni ne, Madam."

"Kai ka ce kifin Talata ya fi?"

"Ni ne."

"Kabewar fa?"

Tana hannunsa.

"To madalla," ta ce, ta juya ga matar Tulu. "Taso, ƙanwata, mu shiga kicin. Ki zo da biro."

Sun yi kusan awa ɗaya a ciki. Ina jin muryar matata tana bayani tiryan-tiryan: a jiƙa wake tun dare, ganye a sa shi a ƙarshe kada ya mutu, mai cokali ɗaya ya isa, kada a hana shi ƙari in ya nema. Mu uku muna falo. Yaya ta ɗaura min abin awo a hannu, ta matsa shi fiye da yadda aikin yake buƙata, ta karanta lambar, ta rubuta. Can ta tashi ta tsaya a ƙofar kicin.

"Ƙanwata," ta ce, "cokalinki daidai ne."

Wannan ce neman gafara mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinta.

Da za su tafi, matata ta miƙa wa matar Tulu kular, a wanke, da cokalin a naɗe cikin tsumma.

"Ki riƙe. Ta saba da shi."

Bayan kowa ya watse na tsaya a ƙofar kicin. Na shirya jawabi mai sassa uku.

"Maman yara..."

"Wata biyar ina dafa wa mutumin da ban sani ba," ta ce, tana fere kabewar. "Shi aƙalla ya zo ya ce an gode."

Sauran sassan biyu ban san inda suka shiga ba.

Washegari da rana ta ajiye faranti a gabana: wake, ganye, kifi, da kabewa a gefe, an ninka. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantata, ta harɗe hannu. Ba ta zuba nata ba.

Na ɗauki cokali. Na fara da waken, na bi da kifin. Na bar kabewar har ƙarshe, na ga ba ta da niyyar tashi, na ci. Akwai barkono daidai, da ɗan tsamin lemo, da wani abu da ban san sunansa ba. Na ci gaba da ci har cokali ya fara karo da faranti, kuma duk loma ɗaya sai na tuna ƙarar wuƙa a kan katako.

"Da daɗi," na ce. Wannan karon gaskiya ce, amma kalmomin iri ɗaya ne da na da.

Ta tashi ta ɗauki farantin.

"Na sani," ta ce. "An gaya min."